Muhawara: Shin Masu Gandun Kiwo a Amurka Suna Buɗe Ƙofa ga Duk Mai Son Farautar Koyote?

Auta (Kansas): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina so in fara farautar koyote a hunturun nan, wato dabbar nan ta Arewacin Amurka mai kama da dila. Na kammala kwas ɗin koyar da mafarauta, wanda jihar Kansas ta wajabta wa duk wanda aka haifa daga 1 ga Yulin 1957 zuwa yau, na kuma yanki lasisi. Abin da ya rage mini shi ne wurin farauta. Kawu ya ce mini neman fili ba abin damuwa ba ne ga mai farautar koyote, domin masu gandun kiwo sun gaji da ɓarnarta, duk wanda ya je da niyyar rage musu ita za su buɗe masa ƙofa. Injiniya kuwa ya ce wannan magana ta daɗe da daina aiki. Ina roƙon ku baje hujjojinku in san inda zan dosa.

Kawu (Texas): Wa alaikumus salam ɗana. Ina nan a kan bakana. A Texas sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasa mallakar mutane ce, saboda haka mu nan ba mu san wata hanya ba sai neman izini, kuma da ita muke farauta. Barewa ce ake sayar da damar farautarta, mai gandu ya ba da hayar filinsa na shekara guda a kan kuɗi masu kauri, domin barewa dukiya ce a wurinsa. Koyote kuwa asara ce. Na ga wani mai shanu ya tsaya a kan maraƙin da aka haifa da daddare, gari bai waye ba an cinye masa cinya da wutsiya, uwar tana zagaye shi tana kuka. Mutumin da ya ga haka a garkensa ba zai kore ka ba. Dokar Texas ma ta yarda a harbe koyoten da ke kai wa dabbobin gida hari ba tare da lasisin farauta ba, wanda ke nuna maka matsayin da hukuma ta ba wannan dabba.

Injiniya (Wyoming): Kawu, ranka ya daɗe, ban musa abin da idonka ya gani ba, amma kana ba Auta labarin mutumin da aka riga aka sani a yankinsa. Kai maƙwabtanka sun san motarka, sun san inda kake aiki. Auta baƙo ne. Bayan haka, tun da na'urar hangen zafin jiki da ake ɗaura wa bindiga ta yi araha, farautar koyote da daddare ta cika da jama'a, kuma da wuya ka sami gandu mai kyau wanda ba shi da ɗan mai gida ko suruki ko maƙwabci da ya riga ya riƙe wurin. Inda aka ba da hayar fili ga masu farautar barewa kuma, sau da yawa yarjejeniyar ta haɗa da komai, mai gandun ba shi da ikon shigar da wani ko da yana so.

Shawarata ita ce ya fara da filin da ba sai ya roƙi kowa ba. Hukumar kula da filayen tarayya ta BLM tana riƙe da kimanin eka miliyan 245, mafi yawansu a jihohin yamma, hukumar gandun daji ta tarayya kuma tana da kimanin eka miliyan 193. Kansas ba ta da irin wannan yalwa, amma tun 1995 tana da shirin WIHA, inda jiha ke biyan manoma kuɗi su bar mafarauta su shiga filayensu da ƙafa, kuma filayen da ke cikin shirin sun haura eka miliyan ɗaya. Ana buga taswirarsu kowace shekara, ana kuma kafa alluna a bakin kowane fili.

Hajiya (likitar dabbobi, Nebraska): Ku ba ni dama in sa baki, tun da aikina kullum a cikin garkunan mutanen da kuke magana a kansu yake. Yaya Kawu, kuskuren da ke cikin maganarka shi ne ɗaukar cewa duk mai fili maƙiyin koyote ne. Mai tumaki, musamman lokacin haihuwa, lalle haka yake. Amma manomin masara ko alkama yana amfana da ita, domin ita ke cinye masa ɓeraye da zomaye. Har cikin masu shanu akwai waɗanda za su gaya maka cewa suna da koyote mace da namiji da suka daɗe a filinsu ba su taɓa maraƙi ba, kuma su ne ke korar baƙin koyote daga yankin, idan aka kashe su ba a san halin waɗanda za su maye gurbinsu ba. Masana namun daji sun daɗe da lura cewa inda ake yawan kashe koyote, matan da suka rage sukan haifi 'ya'ya da yawa saboda abinci ya wadata. Sashen kula da ɓarnar namun daji na ma'aikatar noma ta Amurka yana kashe dubun dubatarsu kowace shekara, amma dabbar da asalinta filayen tsakiya da yammacin nahiyar ne yau tana kowace jiha ban da Hawaii.

Akwai kuma tsoron da ba a cika faɗa wa mai neman izini ba. Masu tumaki da yawa suna ajiye manyan karnukan gadi a cikin garke, masu shanu kuma suna da karnukan kora masu launin toka waɗanda daga nesa, da asuba, sabon maharbi zai iya ɗauka koyote ne. Na taɓa ɗinke irin wannan kare bayan an harbe shi, kuma tun daga ranar mai shi ya rufe filinsa ga kowa.

Kawu (Texas): Ƙanwata, na yarda ba kowa ne zai amsa ba, amma ƙin mutum biyar bai hana na shida amsawa, kuma gandu ɗaya ya ishi mai koyo. Abin da Injiniya bai gaya wa yaron nan ba shi ne halin koyoten filin gwamnati. Duk wanda ya sayi na'urar kiran koyote, can yake zuwa ya kunna kukan zomon da aka kama, sauti iri ɗaya, daga bakin hanya ɗaya. Koyoten da ta taɓa amsa wannan kira aka harbe ta aka kuskure ta gama karatu. Za ta tsaya nesa, ta zagaya ta inda iska ke kai mata warinka, ta shinshina, ta juya ba tare da ka ko gan ta ba. Mai koyo zai yi ta zama cikin sanyi bai ga komai ba, bai kuma san abin da ya yi ba daidai ba, daga nan sai ya jingine bindiga. A gandun da ba a taɓa yin kira ba, cikin minti goma sai ka ga ta taho a guje.

Injiniya (Wyoming): Wannan gaskiya ce, Kawu, amma iyakarta kusa da hanya. Yawancin mutane ba sa yin nisa da motarsu. Wanda ya ɓoye mota a bayan tudu, ya rufe ƙofarta a hankali, ya taka mil guda iska tana bugun fuskarsa, ya zauna da rana a bayansa da wani kurmi da zai ɓoye siffarsa, zai sami dabbar da ba ta saba jin kira ba. Kuma gara ya yi kurakuransa na farko a inda ba amanar kowa a wuyansa. Matsalar filin gwamnati a wurinmu ita ce iyaka. A kudancin Wyoming filayen tarayya da na mutane a sarƙe suke kamar gidajen dara, tun rabon da aka yi wa kamfanonin jirgin ƙasa a ƙarni na 19. Wasu mafarauta huɗu daga Missouri sun sha shari'a saboda tsallakawa daga kusurwar filin gwamnati zuwa wata kusurwar a yankin Elk Mountain, sai a watan Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da cewa ba su keta doka ba. Saboda haka manhajar taswira irin onX, mai nuna iyakar kowane fili da sunan mai shi, ta zama dole, ko da izini za ka nema.

Barista (Minnesota): Allah ya ƙara wa manya lafiya. Ba zan raba muku gardama ba, amma akwai doka a kowane ɓangare. Auta, a Kansas idan ka ga fenti mai launin shunayya a jikin bishiya ko turken shinge, ma'anarsa ba a farauta a wurin sai da izini a rubuce, Texas ma tana ɗaukar wannan fenti a matsayin gargaɗin hana shiga. Ko da mai fili ya amsa da baki, ka roƙe shi ya sa hannu a takarda mai ɗauke da kwanan wata. Filayen WIHA kuma ba duk shekara suke buɗe ba, kowanne da lokacinsa a jikin allo, ko da yake jihar ba ta rufe farautar koyote a kowane wata. Idan mai gandu ya ce yana tsoron ka ji rauni ka kai shi ƙara, kowace jiha tana da dokar da ke rage alhakin mai filin da ya bar mutane su shiga kyauta, kuma ambatonta cikin ladabi yakan kwantar da hankali. Ga ƙannenmu masu bizar karatu ko ta aiki, dokar tarayya ta hana su riƙe bindiga sai in suna da lasisin farauta mai aiki, don haka lasisi ne farko.

Hajiya (likitar dabbobi, Nebraska): Akwai abin da dukanku kuka kewaye. Auta baƙar fata ne, harshensa kuma zai nuna ba a nan aka haife shi ba, zai je ƙauyen da kowa ya san kowa. Mutanen karkara da nake aiki da su masu karamci ne, amma baƙon mota a bakin gida yakan tayar da hankali. Ƙanena, kada ka je da kayan sajen daji a jikinka, kada ka je da bindiga a ranar tambaya, kada ka je bayan magariba ko lokacin girbi. Mafi alheri ma kada ka fara da ƙofar gida. Ka je kasuwar gwanjon shanu ko shagon abincin dabbobi, ka gaisa, ka tambayi wanda koyote ta dama a bana, ka bar lambar wayarka. Idan wani ya gabatar da kai, an gama rabin aiki. Ka nemi yini ɗaya kawai, bayan an rufe farautar barewa, gab da fara haihuwar shanu a watan Fabrairu. Ƙofar shingen da ka tarar a rufe ka rufe ta, wadda ka tarar a buɗe ka bar ta, kada ka taka gona da mota bayan ruwa, kada kuma ka yar da mushe kusa da wurin shan ruwan dabbobi.

Kawu (Texas): To ai Hajiya ta dawo kan hanyata, ta dai ƙara mata ladabi. Ban ce ya je yana buga ƙofa da bindiga a kafaɗa ba.

Injiniya (Wyoming): Ba ta dawo ba, Kawu. Ka ce duk wanda ya je za a buɗe masa, ita kuma ta lissafa sharuɗɗan da sai an cika su kafin a saurare shi. Mai gandu zai tambaye shi ko ya taɓa yi, kuma amsar da zai bayar a filin jiha zai samo ta.

Auta (Kansas): Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan duba taswirar WIHA ta gundumomin da ke yamma da birnin Wichita in fara zuwa can a watan Disamba, ranar gwanjon shanu kuma in leƙa kasuwa kamar yadda Hajiya ta ce. Kawu, idan na sami wanda ya amsa, zan kira ka ka koya mini yadda ake zaɓen wurin zama. Barista, don Allah ka turo mini samfurin takardar izinin.