Zanen Menzel na masana'antar ƙarfe: kukan leburori ne ko kirarin masu injin?

Malam na Tarihi: Jama'a, ina nan a kan bakata. Zanen nan da Bajamushe Adolph Menzel ya kammala a 1875, na ma'aikata kusan 40 suna murza ƙarfen layin dogo, ƙarar masu masana'anta ya kai gaban duniya. Ku dubi ƙafafunsu. Takalmin katako, wasu ko safa babu, ga jan ƙarfe yana tartsatsi a gabansu.

Baban Ummi: Malam, da girmanka, amma wa ya biya kuɗin aikin? Wani mai banki ne a Berlin, Adolph von Liebermann, ya ba da taler 11,000, kuɗin ƙasarsu na lokacin. Ka taɓa ganin attajiri ya sayi bulalar da za a zane shi da ita? Kuma Menzel ɗin nan shi ya zana bikin naɗin sarautar Wilhelm na ɗaya, sarkin Furusiya, babbar masarautar Jamus. Ɗan fada ne.

Malam na Tarihi: Ɗan fada ba ya barin Berlin ya tafi Königshütte, garin masana'antar ƙarfen, can yankin Sileshiya, a 1872, ya zauna cikin hayaƙi yana zana awartaki da hannayen mutane da fensir, zane sama da 100. Kuma shekara guda kafin zuwansa sojoji suka murƙushe yajin aiki a garin. Ya san inda ya sa ƙafa.

Anti Malama: To ina yajin aikin a cikin zanen? Ba fuska ɗaya mai fushi. Kowa ya duƙufa.

Injiniya: Anti, a gaban wutar nan ba a samun sararin yin fushi. Na yi aiki a wata masana'antar murza rodi, in ƙarfe ya fito ja, idonka na kansa, ko uwarka ce ta kira ba ka waiwaya. Abin da ya sa na yarda mutumin ya ga wurin da idonsa shi ne gefe da gefen. A hagu wasu sun tuɓe riga suna wanke jiki, a dama wasu sun raɓe bayan wani falankin ƙarfe suna cin abinci, dab da injin. Canjin aiki ke nan. Injin ba ya tsayawa, mutane ne ake sauyawa.

Baban Ummi: Ai ka kawo min hujja, Injiniya. Ƙarfin Jamus sabuwa yake nunawa, wadda aka haɗe a 1871. Shi ya sa gidan adana zane na ƙasa ya saye shi taler 30,000, har aka laƙaba wa ma'aikatan sunan ƙattin maƙeran tatsuniyar Girka.

Anti Malama: Ni fa yarinyar nan ce ta dame ni, mai kwandon abinci a kusurwar dama. Ita ce ke kallonmu ido cikin ido. Manaja kuwa sai ka ƙura ido za ka hango shi can baya da hularsa, ƙanƙani.

Malam na Tarihi: Alhamdu lillahi, Anti ta dawo layi.

Anti Malama: Ban dawo ba, Malam. Ƙanƙanta manaja daban, kai ƙararsa daban. Da ƙara ce, da gwamnatin Furusiya ba ta rataye shi a bangonta ba.