Zakin MGM: ɗaya ne ko suna da yawa?

Tambaya: 'Yan uwa, zakin nan da ke ruri a farkon fina-finan kamfanin MGM na Amurka, shi ɗin ne tun asali?

Amsa: A'a malam, an sha canja shi. Na farko, Slats, na 1924, kallo kawai yake, ba ya ruri, don fim bai fara magana ba. Jackie aka fara jin muryarsa a 1928.

Amsa: In kana son bambance su, ka duba geza. Leo, wanda ya zo a 1957, matashi ne, gezarsa ba ta cika ba. Tanner kuwa na fina-finai masu launi ne, fuskarsa a murtuke.

Amsa: Rurin ma ba na Leo ba ne. A 1982 da muryar damisar Asiya (tiger) aka haɗa shi. Zakin 2021 kuwa zanen kwamfuta ne, ba shi da kwarjinin na da.