Falo yana ɗumi, ɗakin Hajiya kuma sanyi ƙalau

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Bradford, Ingila, kuma gidan da muka koma a watan Yuni ana ɗumama shi ne da ruwan zafi mai zagayawa cikin bututun da aka binne ƙarƙashin daɓe. Tun da sanyi ya shigo na kunna, falo da kicin suna ɗumi, amma ɗakin mahaifiyata bai canza ba, har sai ta sa safa biyu kafin ta sauko daga gado da asuba. Na kai famfon tura ruwan, ƙirar Grundfos, gudu na uku, na kuma murɗa bawul ɗin gauraya ruwa zuwa digiri 55, amma ban samu komai ba sai gurnani. Don Allah ku ba ni shawara.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Malam, kafin komai ka mayar da bawul ɗin tsakanin digiri 40 da 45, domin saman daɓen ɗaki bai kamata ya wuce digiri 29 ba, idan na katako ne ma 27, in ba haka ba sai ya bushe ya tsage. Famfon kuma ka ɗauke shi daga gudu na uku ka sa shi a tsarin matsi tsayayye, wanda shi ya dace da irin wannan ɗumama, saboda layukan bututun ɗakuna suna buɗewa suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ni ban zargi famfon ba, tunda sauran ɗakunan suna samun zafi. Ka je mararrabar bututun, inda ruwan yake rabuwa zuwa kowane ɗaki, za ka ga ƙananan gilasan awo a jere, kowane layi da nasa. Ka ƙara digiri a na'urar saita zafin da ke bangon ɗakinta, ka jira minti 3 zuwa 5, domin hular lantarkin da ke kan bawul ɗin layin a hankali take buɗewa. Idan gilashin ya nuna lita 1 zuwa 2 a minti, ruwa yana tafiya. Idan yana kan sifili, ka kwance hular ka danna ɗan tsinken ƙarfen da ke ƙarƙashinta. Ya kamata ya shiga ya dawo da kansa. Sau da yawa yakan maƙale ne bayan ya kwashe watannin zafi a rufe.

Amsa ta biyu:
Ƙari a kan amsa ta farko, ka duba agogon matsi na tukunyar gas mai dafa ruwan, ya kasance tsakanin bar 1 da 1.5 lokacin da ruwan yake da sanyi. Idan kana jin ƙarar ɓulɓul, iska ce ta shiga layin, sai an rufe sauran layukan an kore ta. Cikin tukunyar kuwa kada ka taɓa, aikin mai rajistar Gas Safe ne, wato rajistar ma'aikatan gas ta Birtaniya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tsinken ne ya maƙale. Da na danna shi sau da yawa da bayan cokali sai ya saki, gilashin ya nuna lita 1.5. Daɓen bai fara ɗumi ba sai bayan kusan awa huɗu, amma yau Hajiya ta yi sallar asuba ba safa.