Jituwa ko Dacewa: Wace Kalma Za Mu Tsayar Tsakanin Kaset da Faifai?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu kishin harshen Hausa. Duk wanda ya yi niyyar juye tsofaffin kaset ɗin bidiyo zuwa faifan DVD zai ci karo da kalmar nan ta Ingilishi, compatibility, wato ko abubuwa biyu za su iya aiki tare, a takardar bayanin na'ura, kuma har yanzu bakinmu bai zo ɗaya ba a kan abin da za mu kira ta. Wasu suna cewa dacewa, wasu daidaituwa, wasu kuma jituwa. A ganina jituwa ce ta fi cancanta, amma ina so in kafa hujja da yadda na'urorin suke aiki, domin daɗin furuci kaɗai ba ya isa a tsayar da kalmar fasaha.

Dacewa tana da wurinta, wato inda ake maganar siffa da girma. Kamfanin Sony ya fito da kaset ɗin bidiyo na Betamax a 1975, JVC kuma ya fito da na VHS a 1976, kuma duk da cewa faɗin zarensu ɗaya ne, milimita 12.7, gidan kaset ɗin ya bambanta, don haka na wannan ba ya shiga na'urar wancan. Ƙaramin kaset na VHS-C da ake sa wa kyamara yana shiga na'urar VHS idan aka ɗora shi cikin gidan da aka ƙera dominsa, amma kaset mai milimita 8 ba shi da irin wannan gida. A nan idan mutum ya ce kaset bai dace da na'ura ba, ya faɗi daidai.

Sai dai matsalar da ta fi wahalar da masu juye kaset tana farawa ne bayan kaset ya shiga lafiya. Kaset ɗin VHS da aka ɗauka a Amurka ko Japan yana bin tsarin hoton talabijin na NTSC, mai layi 525 da hotuna kusan 30 a daƙiƙa, alhali wanda aka ɗauka a Ingila ko Jamus yana bin tsarin PAL, mai layi 625 da hotuna 25 a daƙiƙa, Faransa kuma tana da nata tsarin, SECAM. Hatta saurin jan zaren ya bambanta: a gudun da aka saba, na NTSC yana tafiyar kimanin milimita 33 a daƙiƙa, na PAL kuwa kimanin 23. A ido kaset ɗin iri ɗaya ne, zai shiga, zai juya, amma na'urar da ta san PAL kawai ba za ta fitar da hoton da zai kallu ba. Ta yaya za a ce bai dace ba, alhali ga shi ya zauna daram a mazauninsa? Abin da ya faru shi ne ɗaya yana ba da saƙo ta hanyar da ɗayan bai iya karantawa ba, kuma kunnen Bahaushe yana tsinkayar "ji" a cikin jituwa, wato fahimtar juna.

Akwai misalin da ya fi ƙarfafa mini wannan ra'ayi. Na'urorin PAL da yawa an ƙera su da ikon kunna kaset ɗin NTSC, amma abin da suke fitarwa gauraye ne: yawan layi da saurin hoto na NTSC, launi kuma a bisa hanyar PAL, wanda ake kira PAL-60. Talabijin yakan nuna shi garau, har mai kaset ya sakankance cewa komai ya yi, amma da zarar ya haɗa na'urar da wata na'ura mai ɗauka a faifai, sai hoton ya fito baƙi da fari, ko yana rawa, ko ma a ƙi ɗaukarsa baki ɗaya. Na'ura ɗaya ce, ta jitu da talabijin, ba ta jitu da mai ɗaukar faifai ba. Wannan ya nuna cewa abin da muke nema wa suna alaƙa ce tsakanin abubuwa biyu, kuma jituwa tana tilasta wa mai magana ya faɗi tsakanin wa da wa.

Daidaituwa kuwa tana kai hankali ga abubuwa biyu su zama ɗaya a ma'auni, don haka gara a bar ta ga maganar ƙa'idar da masana'antu suka amince su bi.

Ina sane da sukar da za a iya yi, kuma suka ce mai nauyi: jituwa a Hausa ta ɓangare biyu ce, alhali a na'urori sau da yawa abin yana tafiya ta fuska ɗaya. Na'urar S-VHS, wato ingantaccen tsarin VHS da ya fito a 1987, tana kunna tsohon kaset ɗin VHS, amma na'urar VHS ta gama-gari ba ta kunna abin da aka ɗauka da tsarin S-VHS, sai fa wadda aka ƙara wa wannan ikon musamman. Haka yake a jerin kaset masu milimita 8: kyamarar Hi8 tana kunna Video8 da ya gabace ta, kuma wasu kyamarorin Digital8, waɗanda suka fara fitowa a 1999, suna kunna su duka biyun, wasu kuma ba sa yi. Don irin wannan hali ina ba da shawarar mu ce "karɓar na baya", domin karɓa aiki ne da ke fitowa daga ɓangare ɗaya, sai mu bar jituwa ta zama sunan al'amarin gaba ɗaya. Wannan rarrabewa tana da amfani a aikace, tun da Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina a 2016, kuma mai neman tsohuwar na'ura yana bukatar ya san ainihin abin da zai tambaya.

A ɓangaren faifai ma kalmar tana aiki. Akwai DVD-R da DVD+R, akwai DVD-RW da DVD+RW, ga kuma DVD-RAM, kuma tsofaffin na'urori ba kowane suke ɗauka ko karantawa ba. Amma ya kamata mu yi hattara kada mu kira kowace tangarɗa rashin jituwa. Faifan DVD-R da aka gama ɗauka ba zai yi a wata na'ura ba sai an kammala shi a cikin wadda ta ɗauke shi, matakin da nake ganin "rufe faifai" ya wadatar a matsayin sunansa, kuma wannan aiki ne da ba a ƙarasa ba kawai. Kaset ɗin kasuwa mai ɗauke da Macrovision kuma da gangan aka sa masa abin da zai sa mai ɗaukar faifai ya ƙi shi, don haka sunansa kariyar hana kwafa.

Idan aka amince da wannan, mai fassara takardar bayani zai iya rubuta cewa: "Wannan na'ura tana jituwa da fayafayan DVD-R da DVD-RW, ba ta jituwa da DVD-RAM, kuma ba ta ɗaukar hoton NTSC." Ina roƙon malamanmu na nahawu su duba ko "mai jituwa da" da "maras jituwa da" za su zauna daidai idan ana siffanta na'ura da su, su kuma faɗa mana idan akwai wani kari na Hausa da yake ganin amfani da jituwa ga abin da ba shi da rai ya yi nauyi a baki.