Ɗakin majinyata ya zama tanda a bazara: daga ina za a fara gyara?

Mai Kula da Gini, Gusau: Assalamu alaikum. Injiniyoyi, a taimaka. Ɗaki ne mai gado 20, rufin kwano, bulo inci tara. Daga Maris zuwa Mayu fanka iskar zafi kawai take kaɗawa, na'urar sanyaya ɗaki kuma sai shan dizal. Kuɗin gyara ba yawa. Rufi za a fara taɓawa, bango, ko taga?

Injiniya, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Rufi, Malam. A ginin da ba bene ba, ta sama yawancin zafin yake sauka, don kwano mai duhu yakan haura digiri 70 da tsakar rana. A kankare tsatsa, a shafa jan fenti na ƙasa, sannan fari shafi biyu. A shimfiɗa audugar gilashi (zaren gilashi mai kama da auduga da ake tare zafi da shi) mai kaurin santimita 10 a kan silin, gefe ya haɗu da gefe, kada a danne ta, don iskar da ke cikinta ce ke tare zafin. In takardar alminiyam za a sa a ƙarƙashin kwano, a bar mata tazarar santimita biyu da rabi, fuskar mai ƙyalli ta kalli ƙasa. In ta kalli sama, ƙurar hunturu za ta dusashe ta. Haka shi ma farin fentin, a wanke shi kafin bazara.

A buɗe kafofin iska a bakin indararo da ƙololuwar rufi, amma da ragar ƙarfe. In babu raga jemagu za su tare a silin, kuma kashinsu ba abin kusantar majinyaci ba ne.

Mai Zanen Gini, Argungu: Injiniya ya yi daidai, sai dai a duba bangon yamma. Ranar la'asar yake sha, ya riƙe zafin, ya sake shi cikin ɗaki bayan isha'i, lokacin da mara lafiya ke neman barci. Labule a taga ba ya magani sosai, zafin ya riga ya ratsa gilashi. Daga waje ake tare rana: baranda, ko bulo mai huji da aka gina nesa kaɗan da bango. Darbejiya ma tana yi, amma mita biyar daga harsashi saboda saiwa.

Hajiya, Ma'aikaciyar Jinya: Yallabai, don Allah kada a toshe tagogin ɗakin masu tarin fuka da sunan tattalin sanyi. Iskar da ke ratsawa ita ke rage yaɗuwar cutar. Ɗakin tiyata da ma'ajiyar magani su ne ke son liƙewa: robar gefen ƙofa, abin da ke mayar da ƙofa da kanta, da cike ramin da bututun na'ura ya bi ta bango.