Wai teku a banza yake zaune?

Mai Keji: Jama'a abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi. Mutum zai nemi izinin kafa kejin kifi a gaɓar teku, ofishin muhalli su ce je ka wajen masu kula da jiragen ruwa, su ma su ce sai masu otal sun yarda, ga masu bututun mai ga sojan ruwa kowa da nasa, alhali teku na nan zaune a banza. FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce a 2022 abin da aka kiwata a ruwa ya wuce wanda aka kamo, karon farko kenan, tan miliyan 94 da ɗoriya. Me zai hana a zana taswira ɗaya, nan keji, nan hanyar jirgi, nan wurin kamun kifi, kowa ya san iyakarsa? Tarayyar Turai tun 2014 ta wajabta wa ƙasashenta masu teku yin haka, ta ba su wa'adi zuwa 2021.

Ɗan Masunta: A banza?? Malam janye kalmar nan. Wurin da kake gani ba kowa, nan ake jefa taru da asuba, nan kifi ke zuba ƙwai, don dai ba mu da takarda shi ne ya zama banza?

Mai Keji: Ɗan'uwa ruwan nake nufi ba mutane ba.

Ɗan Masunta: Wanda ya ce gonarka banza ce ai kai ya zaga.

Hajiya: Gaskiyarsa. Da irin wannan banzar aka sare dazukan mangurof, itatuwan da ke tsirowa a bakin teku, a Ekwado da Indunusiya aka haƙa tafkunan jatan lande, aka ce ai fadama ce mara amfani, alhali a cikin saiwoyin nan ƙananan kifi ke girma kuma su ke tare igiyar ruwa.

Injiniya: Hajiya ki yi haƙuri amma tafki daban keji daban. Kuma taswirar ita ce za ta kare masunta ma, tunda in ba a rubuta wurinsu ba mai kuɗi ne zai riga su lasisi. Ku duba Norwe, tun 2017 sun raba gaɓarsu shiyya 13 da tsarin danja saboda ƙwarƙwatar da ke tashi daga keji ta kama kifin salmon da ba na kiwo ba, shiyya kore ta ƙara kiwo da kashi 6, ja a rage mata kashi 6.

Ɗan Masunta: Ka ga ka faɗa da bakinka, keji na zuba wa kifin Allah cuta. Ni dai har yanzu ban ji an janye banza ba.

Injiniya: Kai wai ka taɓa ganin keji ma kuwa?

Ɗan Masunta: Kai ka taɓa kwana a kwale-kwale? 'Yan boko kenan, daga ofis za ku raba mana ruwa da biro.

Hajiya: Haba Injiniya, ya girme ka fa, ba a yi wa babba wannan tambayar a gaban jama'a.

Injiniya: Ni da aka kira ɗan boko ba ki ce komai ba sai ni, kullum haka kike yi a gurup ɗin nan, wancan satin ma haka.

Mai Keji: Don Allah maganar taswira fa?

Admin: To ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda cewa masunta su ne 'yan gida a teku kuma kalmar banza ba ta dace ba, har Injiniya ma ya amsa cewa keji na kawo cuta. Batun taswira ni ban ga wanda ya kawo hujjar da ta gamsar ba, in za a zana to a fara da wurin masunta, ragowar sai a ba masu keji. Mai Keji muna jiran ka ba Baba haƙuri, Injiniya kuma ka same ni ta inbos. Na rufe.