Taswirar cikin motata Amurka take nunawa, ku taimaka min

Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu sanin harkan mota ku agaza min. Watanni biyu kenan da na fito da motata daga tashar jirgin ruwa ta Tema a nan Ghana, kirar 2014 ce daga Amurka ta zo, komai lafiya lau amma taswirar da ke cikin sikirin dinta titunan can kawai ta sani, ina tsakiyar unguwar Nima a Accra amma sai ka ga kibiya tana yawo cikin fili babu titi ko daya.

Na kai ta Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, wani mai gyara ya ciro min karamin katin memori ya ce taswirar a ciki take, sai an samo kati mai Ghana, wani kuma ya ce in cire sikirin din gaba daya in sa na Android. Nan ne na tsaya, domin ina tsoron kyamarar baya da maballan sitiyari su daina aiki.

Yanzu Google Maps nake bi a waya, har na sauke taswirar Accra saboda data, kuma tana kai ni Madina da Pokuase daidai har go-sulo tana nunawa. Wahalar dai wayata ce, rana na dukanta a gilashi ta yi zafi ta daina caji, ga kira yana shigowa ina tuki da yara a baya, wallahi hankalina baya kwanciya.

To akwai wanda ya taba samun katin Ghana ya yi masa aiki? In kuma canjin ne, wanda ya yi ya gaya min ko kyamararsa ta ci gaba da aiki da sidi nawa ya kashe. Allah ya saka da alheri.